Sojan Asabar da Lahadi: Me Ya Sa Ake Ɗaukar 'Yan Sa-kai Tun Gari Yana Lafiya?

Da yammacin ranar 14 ga Mayu, 1940, ministan yaƙin Birtaniya, Anthony Eden, ya yi jawabi ta gidan rediyon BBC, inda ya nemi duk namijin da ke tsakanin shekara 17 zuwa 65, wanda ba ya cikin soja, ya je caji ofis mafi kusa da shi ya ba da sunansa. Kwana huɗu ke nan da sojojin Hitler suka auka wa Holan da Beljiyam suka nufi Faransa, kowa a Ingila yana jiran ya ga Jamusawa sun diro daga sama da laima. Kafin mako ya zagayo mutum 250,000 sun rubuta suna, kafin ƙarshen Yuli kuwa sun kai wajen miliyan ɗaya da rabi. Babu kakin da zai ishe su, babu bindigogi. Wasu da bindigar harbin tsuntsaye suka fara sintiri, wasu da sanduna.

Shekara 11 bayan haka Winston Churchill ya dawo kan mulki. Ana yaƙin Koriya, ana kuma zullumin Tarayyar Sobiyet, sai ya ga ya kamata a farfaɗo da waccan runduna ta tsaron gida tun kafin a buƙace ta. Majalisa ta yi doka a ƙarshen 1951, aka buɗe rajista a 1952, ana fatan samun mutum 170,000. Ko 30,000 ba a samu ba a shekarar farko. Aka yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe a 1957 aka naɗe tabarmar rundunar.

Ƙasar ba ta canza ba, kuma da yawa daga waɗanda suka yi layi a 1940 suna raye a 1952. Abin da ya ɓace shi ne tsoro. Magidanci ya dawo daga aiki a gajiye, an ce ya sa kaki ya je ya yi gadin gadar da ba wanda ya ce zai kai wa hari. Samari kuwa dama dokar aikin soja na dole ta riga ta kwashe su. Ga kuma zamanin bam ɗin nukiliya ya shigo, har mutane na tambayar me tsohuwar bindiga za ta yi wa makamin da ke shafe birni guda.

Wanda ya karanta wannan labari cikin gaggawa zai ce, to ai magana ta ƙare: mutane ba sa ba da kansu sai wuta ta kama gefen rigarsu, don haka kafa irin wannan runduna a lokacin zaman lafiya ɓata kuɗi ne. Ni ban ga haka ba. A ganina 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa alhali gari yana lafiya sun fi dubban da ke tururuwa ranar tashin hankali amfani, kuma dalilin ba jarumtarsu ba ce. Dalilin shi ne, lokacin zaman lafiya ne kaɗai mai ɗaukar mutane ke da ikon ya dubi wanda ya zo ya ce masa, "Yi haƙuri, ba da kai ba." Ranar da aka binne mutum arba'in a gari, ba hakimi ko kwamandan da zai iya mayar da saurayin da aka kashe wa uba, ko da kuwa kowa ya san ba tsaro ya kawo shi ba, fansa ya zo ɗauka.

Ƙasar da ta fi kowa nuna yadda abin ke tafiya idan an bi shi a hankali ita ce Estoniya, wadda jama'arta duka ba su wuce miliyan 1.3 da 'yan kai ba, ba su ma kai mutanen birnin Kano ba, ga ta kuma a bakin iyakar Rasha. Tana da ƙungiyar tsaro ta 'yan sa-kai mai suna Kaitseliit, wadda aka kafa a Nuwamban 1918. Da Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940 ta rushe ta, aka kuma sake kafa ta a Fabrairun 1990, tun ma ƙasar ba ta gama karɓar 'yancinta ba. Yau idan aka haɗa da reshen mata da na yara maza da na yara mata, membobinta sun doshi 30,000. Malamin makaranta ne, direban babbar mota ne, likitar haƙori ce, manomi ne. Ba albashi ake biyansu ba. Ƙarshen mako suke shiga daji su yi atisaye, ranar Litinin kowa ya koma bakin sana'arsa. Bayan harin da aka kai wa na'urorin gwamnati da bankunan ƙasar ta intanet a 2007, har sashe na masana kwamfuta aka buɗe a ciki, su ma sa-kai suke yi.

Abin lura a nan ba yawansu ba ne, tsarin ne. Dokar majalisar ƙasa ce ta kafa ƙungiyar, daga kasafin ma'aikatar tsaro ake ba ta kuɗi, kwamandanta hafsan soja ne da gwamnati ke naɗawa, kuma an hana harkar jam'iyya a cikinta. Mai tabon laifi a kotu ba ya shiga. Wanda zai ajiye bindigar ƙungiya a gidansa sai ya daɗe a ciki, an gwada shi, an kuma ga akwatin ƙarfen da zai kulle ta. Sannan akwai abu biyu da ba kowace ƙasa ke da su ba. Na farko, samarin Estoniya suna yin aikin soja na dole na wata 8 ko 11, saboda haka ƙungiyar ba daga tushe take fara koya wa mafi yawansu ba. Na biyu, ba su manta ba: a Yunin 1941 an kwashe musu mutum wajen 10,000 zuwa Saberiya, a Maris na 1949 aka ƙara kwashe wajen 20,000. Da wuya ka sami gidan da ba shi da labarin wani nasa da aka cusa a taragon jirgin ƙasa. Abin da Churchill ya rasa a 1952 ke nan, wato tsoron da ba ya gushewa da lafawar labarai.

Su ma ba lami lafiya suka kai nan ba. A 1993 wani rukunin sojan sa-kai da ke sansanin Pullapää ya ƙi bin umarnin a sauya masa mazauni, ya ja daga da gwamnati, lamarin da ya kai ga ministan tsaro Hain Rebas ya ajiye aiki. Gwamnati ta rushe rukunin. Ta iya yin haka ne saboda ba yaƙi ake ba. Da a ce abokan gaba suna bakin gari, wa zai yi gangancin karɓe makami daga hannun waɗanda yake taƙama da su?

Batun inda bindiga ke kwana ma ya ishi a daɗe a kansa. Denmak tana da rundunar tsaron gida tun 1949, wadda ta samo asali daga waɗanda suka yi wa mamayar Jamus turjiya, kuma saboda kaffa-kaffa sai aka ba ta shugabanni biyu, janar na soja da wani farar hula da ke wakiltar ɓangaren siyasa. Duk da wannan tsari, bindigar da aka kai wani hari da ita a birnin Kofanhagan a Fabrairun 2015 daga gidan wani ɗan rundunar aka sace ta. Nan da nan aka umarci masu ajiye bindiga a gida su miƙa ƙarfen da ke sa ta tashi, a adana a ma'ajiyar hukuma. An iya gano asalin bindigar ne domin kowacce tana da lamba da sunan mai riƙe da ita. Mai karatu ya tambayi kansa bindiga nawa ce a hannun 'yan banga daga Birnin Gwari zuwa Sabon Birni take da irin wannan rajista.

Poland kuma ta nuna wata fuskar. A farkon 2017 ta kafa rundunar tsaron yankuna, ta fara da jihohin gabas da ke fuskantar Rasha da Belarus, da burin kaiwa mutum 53,000. Wanda bai taɓa aikin soja ba zai yi horon farko na kwana 16, daga nan sai kwana biyu a kowane wata, ana ba shi ɗan alawus, doka kuma ta tilasta wa mai gidansa a wurin aiki ya sake shi ya tafi horo ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Amma da aka ɗora rundunar kai tsaye ƙarƙashin ministan tsaro na lokacin, Antoni Macierewicz, maimakon babban hafsan sojoji, sai 'yan adawa suka yi ca, suna kiranta sojan minista. Abin da ya wanke ta a idon jama'a ba harbi ba ne. Lokacin annobar korona a 2020 su aka gani suna kai wa tsofaffi abinci suna taimakon asibitoci, a ambaliyar Satumban 2024 kuma su ne da buhunan yashi a bakin kogi. Mutum ya fi yarda ya ba da Asabar ɗinsa idan ya san abin da ya koya zai yi wa unguwarsu amfani bana, ba sai ranar wani yaƙin da mai yiwuwa ba zai zo ba.

Yukren ta makara. Dokarta ta tsaron yankuna ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, Rasha ta shigo ranar 24 ga Fabrairu. Fiye da mutum 100,000 suka shiga cikin 'yan makonni, aka yi ta raba dubban bindigogi a Kiyef ga duk wanda ya nuna katin shaida. Sun taimaka wajen tsare birnin, wannan ba musu, amma da yawa a bakin daga suka koyi abin da ya kamata su koya a filin atisaye.

To mu fa? Mu a wannan yanki mun saba yin abin a juye. Sai jini ya zuba, soja sun yi nisa, 'yan sanda ba su da mota, sannan matasa su tashi da kansu, daga baya gwamnati ta biyo su da riga da alawus. Haka 'yan kato-da-gora suka fito a Maiduguri a 2013, kuma duk wanda ya zauna a garin ya san rawar da suka taka wajen fatattakar Boko Haram daga unguwanni, domin su suka san ɗan gidan wane ne wane. Haka 'yan sa-kai suka fito a Zamfara da Katsina da Sakkwato, amma can labarin ya sha bamban. Rundunar da aka haifa cikin fushi ba ta bambance ɓarawon shanu da makiyayin da ya zo cin kasuwa. A Oktoban 2021 an kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, ba a daɗe ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40, har gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a jihar. A Uromi ta jihar Edo, a Maris na 2025, 'yan banga ne suka tare motar mafarauta 'yan Kano da ke hanyar komawa gida yin Sallah, aka kashe 16. Wanda ke goyon bayan a bar kowane gari ya kafa nasa ba tare da doka ba, ya tuna cewa shi ma baƙo ne a garin wasu.

Maƙwabtanmu sun gwada ba abin rigar doka amma cikin gaggawa. A Janairun 2020 majalisar Burkina Faso ta amince a ɗauki 'yan sa-kai na kare ƙasa, a ba su horon kwana 14 da bindiga. A Oktoban 2022 gwamnatin Ibrahim Traoré ta nemi ƙarin mutum 50,000, aka ce fiye da 90,000 suka rubuta suna. Kwana 14 ɗin nan bai yi nisa da kwana 16 na Poland ba, amma ɗan Poland zai koma gida ya ci gaba da zuwa atisaye wata bayan wata har shekaru, ɗan Burkina kuwa daga filin horo sai bakin daga. Sun mutu da yawa, ƙauyukansu sun zama abin hari saboda su, an kuma zarge su da kisan Fulani fararen hula, kamar abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a kansa a yankin Solenzo a 2025. A Nijar, a Nuwamban 2021, magajin garin Banibangou ya jagoranci 'yan sintirin yankinsa suka bi sawun 'yan ta'adda, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Ba ƙarancin zuciya ya kashe su ba. Sudan kuwa ita ce ƙarshen hanyar: mayaƙan da gwamnati ta ba makami a Darfur, ta mayar da su rundunar RSF a 2013, su ne suka juya wa sojan ƙasa bakin bindiga a Afrilun 2023.

Gwamnonin Arewa maso Yamma sun yi ƙoƙarin gyara. Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma 1,466 a Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara 2,645 a Janairun 2024. An tantance su, an horar da su, suna da shugabanni da albashi. Wannan ya fi barin abin sakaka, nesa ba kusa ba. Amma waɗannan ba sojan ƙarshen mako ba ne, ma'aikata ne na cikakken lokaci da aka ɗauka a tsakiyar yaƙi, kuma ba a cikin jerin umarnin soja suke ba. A Janairun 2025 jirgin sojan sama ya yi ruwan wuta a Tungar Kara ta Zamfara, ya kashe aƙalla mutum 16, cikinsu har da 'yan sintirin da suka fito bin 'yan bindiga. Inda rundunar gida take reshe ne na sojan ƙasa, matuƙin jirgi yana da hanyar sanin su waye a ƙasa kafin ya saki bam.

Akwai kuma wani bambanci tsakaninmu da Turai da ba a cika faɗa ba. Su matsalarsu ƙarancin masu zuwa ce. Mu tamu za ta zama yawansu. A ƙasar da mai digiri ke tuƙa adaidaita sahu, duk abin da ke da kaki da alawus aiki ne, ko da an kira shi sa-kai. Ranar da aka sanar da gurbi 2,000, mutum 200,000 za su nema, daga nan kuma sai rabo: mai girma ɗan majalisa ya kawo hamsin, ciyaman ya kawo ashirin, kansila ya kawo biyar. Mun ga yadda hukumar Sibil Difens ta faro a matsayin ƙungiyar 'yan sa-kai a Legas a 1967, lokacin yaƙin basasa, dokar 2003 ta mayar da ita hukumar gwamnati, gyaran 2007 ya ba ta damar riƙe makami, yau kuma neman shiga cikinta ba shi da bambanci da neman aikin kwastan. Wannan ba aibu ba ne a kanta, amma ba shi ake nufi da rundunar mutanen gari ba. Idan ana son ta gaskiya, sharaɗin farko shi ne mai nema ya kasance yana da sana'ar da yake ci da ita, manomi ko tela ko malami ko mahauci, a biya shi kuɗin ranakun da ya bar sana'ar kawai, a kuma sa horon a rani bayan an kai amfanin gona gida, ba a tsakiyar damina ba.

Kakanninmu ba baƙin wannan tunani ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyakokin daula, inda mutane ke noma suna karatu suna kuma tsaron hanya, shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna har ya rasu a 1837. Ba ina cewa a kwafo tsarin ƙarni na 19 ba ne, zamani ne na yaƙi da bauta. Amma ko a lokacin an gane cewa mai tsaron wuri shi ne mai gona a wurin, kuma yana ƙarƙashin wani shugaba da zai tuhume shi.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, kuma tarihinmu ne ya ba su ita. 'Yan dokan En'e sun san gari ciki da bai, amma an yi amfani da su wajen gallaza wa 'yan NEPU a Jamhuriya ta Farko, wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. A jamhuriyar da muke ciki ma mun ga 'yan kalare a Gombe da 'yan sara-suka a Bauchi. Wa zai lamunce cewa rundunar da aka horar a Janairu ba ita za a gani a rumfar zaɓe a Fabrairu ba? Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, shi ya sa da gwamnonin Yarbawa suka ƙaddamar da Amotekun a Janairun 2020, Abubakar Malami, ministan shari'a na lokacin, ya ce haramtacciya ce, shi ya sa kuma gwamnoni irin su Samuel Ortom suka nemi lasisin manyan bindigogi ga dakarunsu ba su samu ba. Sakamakon wannan ja-in-ja shi ne mun tashi da mafi munin ɓangarorin biyu: ƙungiyoyi masu makami sun cika ƙasa, amma babu wata dokar tarayya guda da ta ce ga wanda zai shiga, ga wanda zai ba da umarni, ga kotun da za ta hukunta wanda ya yi kisa.

Amsar wannan hujja ba ita ce a naɗe hannu ba, domin mutane ba za su daina kare kansu don Abuja ta yi shiru ba. Amsar ita ce rundunar kada ta zama ta gwamna. Ta zama reshen ajiya na sojan Najeriya, hafsan soja ya riƙe ta, makamanta su kwana a barikin soja ko caji ofis da lamba da rajista, a kuma kulle ma'ajiyar tun daga fara yaƙin neman zaɓe har a rantsar da wanda ya ci. Sashe na 220 na tsarin mulki ya riga ya ba Majalisar Tarayya damar tsara horon soja ga 'yan ƙasa, ba a dai taɓa shi ba ne.

Sannan abin da ya fi komai muhimmanci a wurinmu, wanda Estoniya da Denmak ba su sha fama da irinsa ba: wa da wa ke cikin sahu. A garin da har yanzu Bafulatani ke kawo nono kasuwa ya koma ruga lafiya, ana iya sa ɗan Arɗo da ɗan Sarkin Noma a rukuni ɗaya, su yi fareti tare, su ci tuwo a kwano ɗaya, su san lambar wayar juna. A garin da aka riga aka ƙona ruga aka kuma ƙona rumbuna, wannan dama ta wuce, sai dai sulhu, shi ma da ƙyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka wuraren da suka fi cancanta a fara su ne waɗanda ake ganin ba sa buƙata, irin yawancin Jigawa da Gombe da sassan Kano da Bauchi, ba Zurmi ko Jibiya ba, inda abin da ake buƙata yanzu shi ne soja na sosai.

Za a sami ƙarancin ɗoki, za a ce ana ɓarnar kuɗi a kan mutanen da ba sa yaƙi, wasu za su gaji su daina zuwa kamar yadda Turawan Ingila suka yi a 1952. Duk wannan ya fi sauƙi a kan tara matasa cikin dare bayan an kai hari. 'Yan majalisarmu na tarayya, musamman masu wakiltar jihohin da ke zaune lafiya, su rubuta wannan doka tun yanzu. Idan kuwa ba za a yi ta ba, to gwamnoni su daina raba bindiga ga mutanen da babu kotun da ta san da zamansu.